Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga iyayen da ke fita da ƙananan yara gidajen cin abinci

Assalamu alaikum iyaye 'yan uwana, maza da mata.

Na daɗe ina son in yi maganar nan amma ina ja da baya saboda na san halinmu, da zarar an taɓo zancen yara sai kowa ya hayayyaƙo, wannan ya ce ke a su wa, waccan ta ce ai dan baki haihu bane shi yasa. Toh tun kafin mu kai nan bari in faɗa, na haihu, ina da yara, kuma ina fita da su cin abinci a waje, bana cikin masu cewa a kulle yaro a gida har sai ya yi hankali, dan yaron da bai taɓa zama a teburin mutane ba a ina zai koyi yadda ake zama. Magana ɗaya ce ta kawo ni kuma ina so ku ji ta da kunnen basira. Mutanen da ke zaune a teburin kusa da naku, yawancinsu zasu iya jure kukan yaronku. Abin da ke ƙona musu rai shine ganinku a zaune daram kamar ba naku bane.

Ku lura da kyau in kun shiga irin wuraren nan. Jariri zai tsala ihu, kowa ya waiwayo, uwar ta miƙe da sauri ta saɓa shi a kafaɗa tana jijjigawa ta nufi ƙofa, ko uban ya karɓe shi ya fita da shi waje ya sha iska, wallahi ba mai cewa uffan, sai ma kaga wata dattijuwa tana mata murmushi na na san wannan yanayin, wani ya ja kujerarsa ya basu hanya, an gama, kowa ya koma kan farantinsa. Amma ga wani tebur can, yaro ɗan shekara huɗu ya sauka ƙasa yana zagaye tebura a guje, ƙanwarsa ta samu cokali tana buga wa faranti tun ɗazu, babban ya hau kan kujera yana leƙa abincin mutanen baya har yana kai hannu, baban yana danna waya, maman tana ba ƙawarta labari, sun yi kunnen uwar shegu, can bayan minti goma sai a ɗago kai a ce "kai ku bari mana" da muryar da ita kanta mai maganar ta san ba wanda zai ji, a koma hira. Jaririn farko ya fi waɗannan ƙara nesa ba kusa ba, amma su ake harara.

Na san dalili ɗaya da ke jawo haka kuma ba mugunta bace. Kunnenmu ya saba. Wanda yake kwana yake tashi da hayaniyar yara, ƙwaƙwalwarsa ta koyi tace ta, ihun wasa daban, ihun an ji ciwo daban, in dai ba na biyun bane bama ma ji. Shi kuwa bawan Allahn da ya baro wurin aiki a gajiye ya zo da matarsa su ɗan zauna, ko waɗanda suka biya mai raino suka baro nasu yaran a gida dan su samu awa biyu na shiru, ko tsohon da ke sanye da na'urar ƙara ji wadda in wuri ya cika da ƙara sai maganar wanda ke gabansa ta ɓace masa, su basu da wannan matatar. Abin da ke ce muku "ai wasa suke" su a kansu yake sauka. So hana ganin laifi, hana jin laifi ma yana yi.

Kuma ita hayaniya yaɗuwa take. Tun 1911 wani likita Bafaranshe mai suna Étienne Lombard ya bayyana cewa mutum in yana magana a wuri mai ƙara, muryarsa na ɗagawa da kanta ba tare da ya yi niyya ba. Kenan yaronku ya yi ihu, teburin kusa ya ɗaga murya dan su ji juna, na gaba da su ma ya ɗaga, kafin ka ce me wurin gaba ɗaya ya ɗauka, shi yaron kuma yanzu dole ya ƙara ƙarfi kafin ku ji shi. Balle gidajen abinci na yanzu da aka cika su da tayil da gilas da bango fayau ba labule ba kafet, ba abin da ke shanye sauti, duk abin da aka buga sai ya dawo.

Ni dai bana ganin laifin yaron ko kaɗan, kuma duk wanda ya zagi ɗan shekara biyu dan ya yi kuka to shi ne ke buƙatar tarbiyya. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke sa mutum ya danne zuciyarsa ya jira ya yi haƙuri, shi ne ke jinkirin kammala girma, sai mutum ya haura shekara 20 yake gama nuna, to ina ga wanda jiya-jiya ya fara tafiya. Birgima da shure-shure da jefa abu ƙasa sun fi yawa tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa uku, lokacin da yaro yake da abin da yake so amma bashi da kalmomin faɗa. Ka ɗauko irin wannan yaron, ka ɗora shi kan kujerar da ƙafarsa bata taɓa ƙasa, ka ce ya zauna ya jira a zo a ɗauki oda, ya jira a dafa, ya jira a kawo, ƙamshi na dukan hancinsa yunwa na cinsa, sannan bayan ya cinye nasa cikin minti biyar ka ce ya ƙara zaman awa ɗaya dan manya basu gama hira ba. Haba jama'a. Mu muka shirya masa jarabawar da muka san bazai ci ba.

Ga kuma maganar lokaci wadda ita ta fi ɗaure min kai. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarin da ta fitar a 2019 ta ce yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana ɗaya har da na rana, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13. Amma sai kaga ƙarfe goma na dare an shigo da ɗan shekara biyu idanunsa sun yi ja yana murza su yana jan kunnensa, kowa a wurin ya san barci yake ji banda iyayensa, su suna cewa "yau ban san me ya same shi ba, rigima kawai yake ji". Ba rigima bace baiwar Allah, lokacin kwanciyarsa ya wuce da awa biyu. Yaron da barci ya ci ƙarfinsa ba lafewa yake ba, haukacewa yake, ya yi dariya ya yi kuka ya yi gudu duk a lokaci ɗaya. Da an fito da wuri, ƙarfe biyar ko shida kafin wuri ya cika, an ɗan bashi wani abu ya taɓa kafin a baro gida, an yi odar nasa da zarar an zauna, an nemi bil tun kafin a gama ci, rabin abin nan da bai faru ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi hayaniyar muhimmanci a wurina, wato guje-gujen nan. Dan Allah ku taɓa tsayawa ku kalli weta yana fitowa daga kicin. Tire a hannu, faranti uku ko huɗu, kofunan shayi, wani abin yana tururi, tiren ya tare masa ganin ƙasa, ƙofar kicin kuma irin mai buɗewa gaba da baya, shi kuwa yaronku tsayinsa bai wuce gwiwar mutumin ba kuma a guje yake yana waiwayen ɗan uwansa. Fatar ƙaramin yaro ta fi ta babba siranta, ruwan zafin da zai sa babba ya ce wash ya goge, shi sai ya saɓule masa fata, kuma abin sha mai zafi yana cikin manyan abubuwan da ke ƙona ƙananan yara, kofin shayi ko ya yi minti 15 da zubawa yana iya ƙona jariri. A birnin Busan na Koriya ta Kudu an yi irin wannan a 2011, yarinta ta sa wani yaro ya yi karo da ma'aikaci mai ɗauke da ruwan zafi ya ƙone, aka je kotu, a 2013 kotu ta ɗora wa gidan abincin mafi yawan alhakin ta ce su biya diyya. Masu gidajen abinci a ƙasar suka ji suka gani, kuma ana yawan ambatar irin waɗannan shari'o'i a matsayin abin da ya sa da yawansu suka ce to mu dai kar a sake shigo mana da yara.

Shi wetan nan kuma ku tausaya masa. Bashi da bakin magana. In ya ce wa yaronku zauna, ku taso masa, a kira manaja, a je intanet a rubuta cewa ma'aikatan wurin nan basu da ladabi basa son yara, gobe aikinsa na rawa. In ya yi shiru aka yi karo, shi ne dai mai laifi. Sai kaga yana murmushin dole yana kaucewa da tire a sama yana cewa "sannu ɗan ƙwarai", a ransa kuwa Allah kaɗai ya san abin da yake cewa. Ba mai raino bane, ba a biya shi dan ya kula da yaranmu ba, kuma kuɗin da muka biya na abinci ne da kujera, bamu sayi wurin ba.

Kunga inda sakacin nan ya kai mu. A Koriya ta Kudu yanzu akwai ɗaruruwan gidajen shan kofi da na abinci da suka manna takarda a ƙofa cewa ba a shiga da yara, ƙasar da ke cikin waɗanda suka fi ƙarancin haihuwa a duniya, a 2023 lissafin ya sauka har 0.72 ga kowace mace, gwamnati na roƙon mutane su haihu, wanda ya haifa kuma ana tare shi a bakin ƙofa. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta ce a 2017 hana yara shiga wariya ce, amma maganarta shawara ce ba doka ba, takardun suna nan. A watan Mayun 2023 wata 'yar majalisa mai suna Yong Hye-in ta ɗauko ɗanta ƙarami ta shigo da shi ginin majalisa ta yi wa 'yan jarida magana tana neman a kawo ƙarshen abin. A Jamus, ƙasar da tun 2011 ta gyara dokarta ta ce hayaniyar yara a filin wasa da gidan raino ba a lissafa ta cikin ƙarar da ke cutar da maƙwabta, wato ƙasar da ta tsaya wa yara kenan, duk da haka a 2018 wani gidan abinci a tsibirin Rügen mai suna Oma's Küche ya hana 'yan ƙasa da shekara 14 shiga daga ƙarfe biyar na yamma, kuma mai wurin ya fito ya ce shi ba da yara yake ba, da iyayen da suka kasa tsawata musu yake. A Amurka ma haka, McDain's a jihar Pennsylvania ya hana 'yan ƙasa da shekara 6 a 2011, Nettie's House of Spaghetti a New Jersey ya hana 'yan ƙasa da 10 a 2023, suna kukan ƙara da guje-guje da ɓarnar da ake bar wa ma'aikata su share.

Ni bana son takardun nan, in faɗa muku gaskiya ciwo suke min. Uwar da ta yi wata da watanni a ɗaki da jariri, ta samu ta yi wanka ta fito ta sha kofi ɗaya cikin mutane ta ji ita ma mutum ce, ta zo ta tarar an rubuta ba ita ba, wannan ba ƙaramin abu bane. Kuma hukuncin ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba, yaro mai natsuwa da iyayensa masu kula an haɗa su da masu sakaci an kora. Amma in na sa kaina a matsayin mai wurin sai in rasa me zan ce masa. Bazai iya tsayawa a ƙofa yana tantance wace uwa ce za ta tashi in ɗanta ya fara ba, in ya je tebur ya yi magana a yi masa tijara a gaban kwastomomi, su kuma waɗanda aka dama basa ƙorafi, biya suke su fita kuma basu sake dawowa. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma mu iyaye mun san waken, wani lokacin ma tare muka zo da shi, ƙawa ce ko ɗan uwa, muna kallo muna jin kunya amma bama iya ce masa komai.

Wani mai gidan abinci a birnin Padua na Italiya ya bi ta wata hanyar a 2017, ya ga wasu iyali da yaransu sun zauna lafiya suna zane har aka gama, sai ya rage musu kashi 5 cikin 100 na bil ya rubuta a takardar cewa ragin yara masu ladabi ne. Labarin ya zaga duniya. Abin dariya abin tausayi, wai yaro ya zauna a tebur har ya zama labarin jarida.

Sannan a san inda za a je. Ba kowane wuri ne na yara ba ko da ba a rubuta ba. A 2014 wasu ma'aurata sun shiga da jariri ɗan wata 8 wani gidan abinci mai tsadar gaske a Chicago mai suna Alinea, inda ake shafe awanni ana kawo abinci kaɗan-kaɗan, jaririn ya yi ta kuka, shugaban masu girkin Grant Achatz ya hau Twitter yana tambayar ya zai yi da irin wannan, aka yi ta cacar baki a kai. Ni a ganina ba sai an yi dogon musu ba, wurin da ka shiga kaga an rage haske, mutane na magana ƙasa-ƙasa, ba kujerar yara ko ɗaya, ai wurin ya riga ya baka amsa. Ga wuraren da aka yi dan iyali birjik, masu fili, masu wurin wasa, inda in yaro ya yi ihu ba mai waiwayowa. A fara da su, a daɗe a cikinsu, sauran suna nan ba gudu zasu yi ba.

Maganar mashaya kuma, wadda a Ingila ta zama abin musu sosai saboda a can mashayar unguwa ta zama wurin cin abincin iyali musamman ranar Lahadi. Da ba haka abin yake ba, tun 1908 doka ta hana 'yan ƙasa da shekara 14 shiga ɗakin da ake sayar da giya, aka yi shekara da shekaru yara na jira a waje ko a lambu. Dokar lasisin sayar da giya ta 2003 ce ta buɗe ƙofa sosai a Ingila da Wales, ɗan ƙasa da 16 zai iya shiga in yana tare da babba, in mai wurin ya yarda, sai kuma hana shan taba a cikin gini da aka yi a 2007 ya sa wuraren suka ƙara komawa sayar da abinci da jawo iyalai. To amma abin da ke faruwa shine manya su zauna suna sha, zagaye na ɗaya, na biyu, na uku, hira ta yi daɗi, yaran da aka ce "yanzu zamu tafi" tun awa biyu da suka wuce sun gaji sun bazu cikin mutanen da suka sha, ga kwalabe ga kofunan gilas ga maganganun da bai kamata kunnen yaro ya ji ba. Har kamfanin Wetherspoon mai ɗaruruwan mashayu ya ba manajojinsa ƙa'idar su tsaya a kofin giya biyu ga babban da ya zo da yara, kuma tun 1902 laifi ne a dokar ƙasar a samu mutum a buge a bainar jama'a alhali yana kula da yaro ɗan ƙasa da shekara 7. Duk wanda ya kai yaro irin wurin nan to ya ci abincinsa ya tashi, in dogon zama yake so ya dawo shi kaɗai wata rana.

Sai waya. Bazan yi wa kowa wa'azi a kan ba yaro waya a tebur ba, duk da dai hukumar lafiyar nan ta ce ɗan ƙasa da shekara 2 bai kamata a zaunar da shi gaban allo ba, ɗan 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana, kowa ya san gidansa kuma akwai ranar da in ba katun ɗin nan ba ko loma ɗaya bazaki kai baki ba. Roƙona ɗaya ne, sautin. Wallahi gara kukan yaro sau goma da waƙar katun ɗaya tana maimaita kanta da ƙarfi daga ƙaramar sifikar waya, shi kuka yana ƙarewa kuma ba da gangan bane, wannan kuwa babba ne ya kunna da hannunsa ya ƙure murya ya ajiye. A kashe sautin, ko a sa masa abin kunne na yara, ko a zo da takarda da fensir mai kala da ɗan abin wasa mara ƙara wanda bai saba gani kullum ba. Kuma abin da ya fi duk waɗannan aiki shine a saka shi cikin hirar, a tambaye shi me yake gani, a bar shi ya faɗa wa weta abin da yake so da bakinsa ya ce na gode. Sau tari yaron da ke buga cokali so yake wani ya kalle shi.

Muna yawan cewa ɗa na kowa ne, amma fa sai in yabonsa ake. Ranar da wani ya ce "ɗan saurayi a hankali kar ka faɗi" ko ya zo da ladabi ya ce Hajiya dan Allah a ɗan rage sautin, sai fuska ta canza, "yaro ne fa", "ke baki da yara ne", "in baka son hayaniya ka zauna a gidanka". Ita wannan ta ƙarshen ma tana bani mamaki dan ai da shi da ku duk kuɗi kuka biya. Ku tuna yaron yana kallo. Abin da ya ɗauka a ranar shine in na dami mutane aka yi magana, mamana za ta yi musu faɗa. In kuwa ya ga kin ce "ayya ku yi haƙuri" kin jawo shi kin zaunar, ko kin fita da shi kin ce sai ka natsu zamu koma, kuma kika cika maganar, sau biyu sau uku zai gane cewa zaman tebur yana da sharaɗi. Ba sai an daka masa tsawa ko an mare shi a gaban mutane ba, wannan ma wata hayaniyar ce kuma ta fi ta farko munin gani. Abin da ke kashe mu shine barazanar da ba cikawa, "zamu tafi gida fa" sau ashirin kuma ba a motsa ba, yaro ai ba wawa bane ya riga ya san ƙarya ce. Wata rana dole a ce a juye mana abincin a leda, a biya, a tafi da gaske ana tsaka da ci. Da zafi, an yi asarar fita, amma ita ce ranar da yake tunawa.

Ku kuma da kuke zaune a sauran tebura, tunda na san kuna karantawa kuna gyaɗa kai, kar ku ji daɗi da yawa. Akwai masu fara tsaki tun daga ganin an turo keken jariri, yaro bai ko buɗe baki ba. Akwai teburin manya shida masu ƙyalƙyala dariya da buga tebur da amsa waya a sifika, sun fi kowane yaro damun mutane amma ba mai manna musu takarda a ƙofa. Kuma ba duk yaron da kuka ga yana ihu yana toshe kunne ne mara tarbiyya ba, akwai masu larurar otizim da haske da ƙara da cunkoso ke yi musu yawa har su kasa riƙe kansu, iyayensu sun sha shiri kafin su fito kuma sun fi ku jin abin. In kun ga uwa na ƙoƙari ku sauke ido, ko ku riƙe mata ƙofa. In abin ya yi yawa ku yi wa manaja magana a hankali ko ku nemi a canza muku tebur. Amma ɗaukar ɗan mutane bidiyo a sa a intanet dan a taru a zage shi, wannan ya fi duk abin da yaron ya yi muni. Masu gidajen abinci ku ma kafin ku kai ga takarda ku gwada ajiye kujerun yara, ku zaunar da iyalai a gefe mai fili nesa da ƙofar kicin, ku fara fito da abincin yara, ku faɗi ƙa'idarku a fili tun a ƙofa cewa yaro ya zauna a kujerarsa, kuma manaja ya riƙa zuwa da kansa ya yi magana maimakon ya tura ƙaramin ma'aikaci.

Iyaye maza, ku na ajiye a ƙarshe dan na lura da wani abu. In yaro ya fara, harara kan uwa take sauka, ita ce za ta tashi, ita za ta zagaya waje da shi abincinta na hucewa, ta dawo ta tarar kai ka cinye naka har kana sakace kana tambayar wai har yanzu bai yi shiru ba. Yallaɓai ai tare kuka zo, kuma sunanka yake amsawa. Ku yi karɓa-karɓa, ka ci da sauri ka karɓe shi ita ma ta ci da zafinsa, in su biyu ne kowa ya ɗauki ɗaya ku zauna a tsakaninsu kar ku haɗa su gefe guda. Sau da yawa ma muryarka ɗaya ta isa abin da ita za ta yi ta maimaitawa.

Sai ƙananan abubuwa biyu da bai kamata a ce sai an faɗa ba amma ga shi ana yi. Famfas ba a canza shi a kan tebur ko kan kujerar da wani zai zauna ya ci abinci, a tambayi ma'aikata ina banɗaki, in babu wurin canzawa a je mota ko a nemi su nuna wani lungu, kuma wanda aka cire a ƙulle shi a leda a kai shara kar a tura shi ƙarƙashin faranti. In kuma yaro ya watsa abinci a ƙasa ya yayyaga tishu ya zubar da ruwa, ba wanda ya ce ku ɗauko tsintsiya, amma a tattara abin da hannu zai iya, a sanar da weta akwai jiƙa a ƙasa kar wani ya zame, a ce masa sannu da aiki ka yi haƙuri mun ɓata maka wuri, in da hali a ƙara masa wani abu a kan bil.

Wassalam.

Taku,
wata uwa mai fita da yaranta.